Mai Sensa Ko Maras Sensa: Wane Inji Ya Dace Da Motarka Ta Rimot?



Zancenmu na yau a kan ƙananan motocin nan ne da ake tuƙawa daga nesa da rimot. Ba irin na roba da ake sayo wa yara da salla nake nufi ba, waɗanda ake cusa wa batirin tocila su yi kwana biyu su mutu. Ina nufin na gaske, waɗanda magidanta ke kashe wa kuɗi. Suna da giya da sitiyari da birki, ana kwance su a ɗaura, ana sauya musu kayan gyara. Tsawon ɗaya kamar rabin mita ne, nauyinta kilo 2 zuwa 3, amma akwai mai gudun da ya kusa kilomita 100 a awa. Harkar ta daɗe a ƙasashen da ta samo asali. Ƙungiyar masu tseren waɗannan motoci ta Amurka, ROAR, tun 1967 take. Kamfanin Tamiya na Japan ya fitar da motarsa ta rimot ta farko a 1976, sannan a 1979 aka kafa IFMAR, wadda ke shirya gasar duniya. Yau mafi yawan kayan daga Sin suke fitowa, kuma duk mai waya a hannu yana iya yin odarsu.

To, a wajen odar ne ake cin karo da tambayar da ta kawo mu. Mai sayarwa zai jera maka injuna iri biyu, dukansu marasa kabon, ya ce wannan mai sensa ne, wancan maras sensa. Mai sensar ya fi tsada. Da yawa daga cikin masu saye sai su ɗauka tunda ya fi tsada, to ya fi gudu ke nan. Ba haka abin yake ba, kuma tun daga farko zan faɗi matsayina: abin da sensa ke sayo maka shi ne laushin tashi da biyayya a lokacin da mota ke tafiya a hankali. Saman gudu ba aikinta ba ne. Wanda ya gane wannan ya gama rabin zaɓinsa.

Bari mu buɗe injin mu leƙa. Duk wanda ya taɓa kai injin huda ko na gurzar ƙarfe wajen gyara ya san kabon, 'yan gutsattsarin nan baƙaƙe guda biyu da ke gogar abin da ke juyawa a ciki. Su ne ke isar da wuta ga naɗin wayar tagulla, kuma juyawar da kanta ce ke sauya wa wutar hanya a daidai lokacin da ya kamata. Matsalarsu ita ce suna cinyewa, suna tartsatsi, suna ɓarnar wuta. Inji maras kabon ya juya tsarin. Naɗin tagullar, kashi uku, yana zaune a jikin gwangwanin ba ya motsi, maganaɗisu ne ke juyawa a tsakiya. Babu abin da ke gogar wani sai boris guda biyu. Shi ya sa ya fi ƙarko, ya fi ƙarfi, batir kuma ya fi daɗewa.

Amma da aka cire kabon, sai aikin sauya wa wuta hanya ya koma kan wata 'yar na'ura da ake kira ESC, mai sarrafa gudu, wadda ke zaune tsakanin batir da inji da wayoyi uku masu kauri. A kowane lokaci tana ba biyu daga cikin naɗin wuta, na uku yana hutawa, sannan ta sauya, ta sake sauyawa, aƙalla sau 6 a zagaye ɗaya. Ku dubi yawan aikin. Injin da aka rubuta wa 3500 KV yana zagaye 3,500 a minti kan kowane bolt ɗaya na wuta idan babu kaya a kansa. Da batir mai bolt 7.4, zagaye 25,900 ke nan a minti, sama da 430 a sakan guda. Kuma kowace sauyawa dole ta zo daidai da inda maganaɗisun yake. In ta riga shi ko ta makara, maimakon ta ja shi gaba sai ta riƙe shi, ko ma ta mayar da shi baya.

Ku tuna mata uku suna lugude a turmi ɗaya. Kowacce sai ta san lokacin da taɓaryar 'yar'uwarta ta tashi kafin ta sauke tata, in ba haka ba a yi karo. Da rana tsaka suna ganin juna, tun bugun farko kowacce ta san nata lokacin. In kuwa cikin duhu ne, da kunne za su bi. Da zarar dakan ya kankama kunne ya wadatar, har ma ba a bukatar ido. Wahalar tana wajen farawa, domin kafin bugun farko babu sautin da za a ji. Inji mai sensa shi ne masu daka da rana, maras sensa kuma masu daka a duhu.

Ita sensar wani ɗan ƙanƙanin abu ne da ke jin maganaɗisu in ya gifta ta gabansa. Asalinta binciken wani Ba'amurke ne, Edwin Hall, wanda a 1879, yana ɗalibi a Jami'ar Johns Hopkins, ya gano cewa maganaɗisu na karkatar da wutar da ke bi ta cikin siririn ƙarfe, har a iya auna karkatar. Ana dasa uku daga cikinsu a kan wani ɗan allo a ƙeyar injin, a haɗa su da ESC da wata igiya mai siraran wayoyi shida: biyu na kai wa sensocin wuta, uku na dawo da labarin kowacce, ɗaya kuma an ware ta don zafin injin. Ko mota na tsaye cik, ESC ta san inda maganaɗisun ya fuskanta. Kana taɓa kunamar rimot kaɗan, taya ta fara mirginawa sannu a hankali, ba ƙara ba fizga.

Shi kuwa maras sensa dabararsa daban ce, kuma kana iya ganinta da idonka. Ɗauki injin a hannu ba tare da ka haɗa shi da komai ba, ka murza sandarsa da yatsu. Zai juya ba wahala. Yanzu haɗa kawunan wayoyi biyu daga cikin ukun su taɓa juna, ka sake murzawa. Za ka ji ya yi tauri, yana turjewa. Dalili shi ne duk injin da ke juyawa yana haifar da tasa wutar, kamar ƙaramin janareto. Wannan wutar da ke dawowa ita ESC ke saurare ta wayar da ke hutawa, daga nan take lissafa inda maganaɗisun ya kai. Sai dai ƙarfin wutar ya danganta da saurin juyawa. In inji na tsaye babu ita sam, in yana tafiya a hankali ta yi rauni ƙwarai. Don haka a wajen tashi ESC lalube take yi. Tana tura wuta da ka, tana jira maganaɗisun ya motsa ta ji ɗuriyarsa.

Wannan laluben shi ne gargadar da masu irin wannan inji suka sani. Ka ajiye motar a ƙasa, ka ja kunama kaɗan, sai ka ji tana 'yar ƙara ƙir-ƙir-ƙir, tayoyin na rawa, ta ɗan matsa gaba ta ɗan ja baya, sannan kwatsam ta fizga ta tafi. A kan siminti, da cikakken batir, abin bai kai ƙiftawar ido ba, wani ma ba zai lura ba. Amma ka sa ta a hawa, ko tayoyinta su nutse cikin rairayi, ko batir ya fara sanyi, gargadar sai ta tsawaita. Kuma ba jin daɗin tuƙi kaɗai take ɓatawa ba. A lokacin nan wuta mai yawa ke kwarara cikin naɗin da ba ya juya komai, sai ta koma zafi a cikin inji da ESC. In ka ga motarka ta cije tana wannan ƙara, saki kunama, je ka ɗaga ta.

Wani zai ce, ai jirage marasa matuƙi da ake ɗaukar hoton biki da su duk injunansu marasa sensa ne, ga su kuma lafiya lau. Gaskiya ne. Farfela iska kawai take kaɗawa, a wajen tashi babu nauyin da ke riƙe ta, don haka laluben nan take yake ƙarewa. Mota kuwa tun daga tsaye take ɗauke da nauyinta gaba ɗaya, da giya, da ƙasar da ke riƙe tayoyi.

To wa ke bukatar sensa? Na farko ɗan tsere. A Turai da Amurka da Japan akan yi tseren motocin lantarki a filin da aka shimfiɗa wa kafet ko aka daddaɓe da yumɓu, cike da kwanoni masu tsauri, yawanci minti 5 ake yi, kuma ɗan abin da bai kai sakan ba ke raba na ɗaya da na biyu. Direba na taka birki ya shiga kwana, gudu ya sauka ƙasa, sannan ya buɗe totur a hankali don kada bayan motar ya zame. A daidai wannan wuri ne maras sensa ke yin jinkiri ko ya fizga. Shi ya sa a rukunin da ake ƙayyade ƙarfin inji, kamar na 17.5T da 13.5T, masu sensa ake amfani da su. Lambar nan yawan naɗin waya ce, kuma in ta yi ƙasa gudu ya ƙaru. A irin wannan rukuni har akwai dokar da ta hana ESC ƙara wa inji saurin kunna wuta, sai a sa ta a yanayin da fitilarta ke ƙyaftawa, alƙali ya gani da ido ya tabbatar kowa a ma'auni ɗaya yake.

Na biyu, wanda ma ya fi ɗan tsere bukata, shi ne mai motar hawan duwatsu. Wannan wasa ne na haƙuri. Motar na rarrafe a kan dutse, taya ɗaya a sama, mai ita yana so ta matsa da faɗin yatsa ɗaya ta tsaya. Fizga ɗaya ta isa ta kifar da ita. A nan inji maras sensa na gama-gari ba shi da wurin zama. Ku lura da wani abu: shahararrun motocin hawan dutse irin su TRX-4 ta kamfanin Traxxas da SCX10 ta Axial an saba sayar da su ne da tsohon inji mai kabon, domin shi ba ya lalube, laushinsa a ƙaramin gudu halittarsa ce. Ina ganin wannan abin tunawa ne ga wanda aljihunsa bai yi nauyi ba. In hawan dutse ne sha'awarka, mai kabon ɗin da ya zo da motar ba abin rainawa ba ne, bar shi ya yi maka aiki har ya gaji. Randa za ka sauya, sai ka nemi mai sensa da aka ƙera don wannan aiki, irin su AXE da Fusion na kamfanin Hobbywing da ke Shenzhen.

In ka cire waɗannan biyun, da masu wasan zamiya a kan santsi, saura kuwa su ne mafi yawa: masu neman fili su buɗe wuta, mota ta tashi ƙura, ta yi tsalle ta dira. Su kam kusan kullum kunama a matse take, ƙaramin gudu ba ya cikin lissafinsu. Manyan kamfanonin da ke ƙera motoci don irin wannan wasa sun san haka. Injin Velineon 3500 da Traxxas ke sawa a motocinsa masu gudu ba shi da sensa. Haka injunan da ke zuwa cikin yawancin motocin Arrma masu batir mai ɗaki uku, wato 3S. Ita ma XO-1, wadda Traxxas ya yi wa talla da gudun mil 100 a awa, wato kimanin kilomita 160, da inji maras sensa ta fito. Wanda har yanzu yake zaton sensa ce ke kawo gudu, ga amsarsa.

Yanzu mu dawo gida, domin a nan ne nake ganin awon ya fi rinjaya gefe guda. Mai irin wannan mota a Kano ko Zinder ko Sakkwato, a ina zai tuƙa ta? Filin ƙwallo, harabar gida, bakin hanya, tsakar rairayi. Watanni muna cikin ƙurar hunturu, sannan bazara ta zo da zafin da ke haura digiri 40, damina kuma ta kawo taɓo. Injin tsere mai sensa an ƙera shi ne don fili mai tsabta. Jikinsa duk tagogi ne don shan iska, ƙeyarsa da ramin da igiyar sensa ke shiga, cikinsa da allo mai laushi. Kowane yaro da ya taɓa jan maganaɗisun tsohuwar sifika a ƙasa ya ga yadda baƙin garin ƙarfe ke manne masa kamar gashi. Wannan garin shi zai bi ta tagogin ya taru a cikin injin, ya ci boris, ya dame sensa. Ita ma igiyar siraran wayoyi ce, jijjiga na kwance ta, tsinke na iya fizge ta. In waya ɗaya ta tsinke daga ciki, sai mota ta fara shure-shure ko ta ƙi tashi, mai ita ya yi ta zargin batir. Maras sensa kuwa gwangwani ne rufaffe da wayoyi uku, yawanci ana haɗa shi da ESC da aka toshe ta yadda ruwa ba ya shiga. Abin da zai lalace a jikinsa kaɗan ne. Kuma ga wanda sai ya jira makonni kafin kayan gyara su iso daga waje, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Akwai masu sensa da aka toshe su daga ruwa da ƙura, musamman na hawan dutse da na manyan motoci. In za ka sayi mai sensa, irinsu za ka nema, ka karanta da kyau ka tabbatar an rubuta hakan.

Wajen haɗa wayoyi ma akwai bambancin da ya sha ƙona wa mutane kaya. A maras sensa, wayoyin ukun ka haɗa su yadda ka ga dama. In mota ta yi baya maimakon gaba, sauya kowaɗanne biyu, shi ke nan. A mai sensa kuwa an rubuta A da B da C a jikin inji da jikin ESC, kuma dole A ta tafi ga A, B ga B, C ga C. In ka sauya su alhali igiyar sensa na haɗe, labarin da sensa ke bayarwa zai saɓa da inda wuta ke zuwa, inji ya yi ta kakkarwa, ESC ta ɗau zafi, tana iya ƙonewa nan take. Mai sensa daga cikin saitin ESC ake juya masa alkibla, in tana da wannan damar.

Ga wanda zuciyarsa ta rabu biyu, akwai hanyar tsakiya, kuma ita nake ba wa shawara in kuɗin sun kai. Sayi ESC mai ramin sensa. Mafi yawansu suna tuƙa inji maras sensa ma, don haka yau ka fara da mai araha, gobe in sha'awarka ta koma tsere ko hawan dutse, inji kaɗai za ka sauya. Kamfanin Castle Creations na jihar Kansas a Amurka ma yana da tsarin da ya kira SmartSense, inda ESC ke tashi da sensa, in gudu ya kankama ta koma sauraron wutar da ke dawowa. Akasin haka ma yana yiwuwa, wato inji mai sensa a kan ESC maras ramin sensa. Zai juya, amma ka biya kuɗin abin da ba ka mora ba.

Gargadar maras sensa kuma ana rage ta. Sa ƙaramar giya a bakin inji, wadda haƙoranta ba su da yawa, tashi zai yi sauƙi. Kada ka ruɗu da babbar lambar KV. Mota mai nauyi ko mai manyan tayoyi ta fi son lamba ƙasa-ƙasa da gwangwani mai tsawo, kamar 3660 a madadin 3650, inda lambobin ke nufin kauri milimita 36 da tsawo 60 ko 50. Duba liƙin dalma a kan wayoyi da filogin batir, domin liƙi maras kyau na haifar da gargada ko da inji sabo ne. Masu gyaran waya irin na kasuwar Farm Centre a Kano sun iya wannan liƙi, sai dai a gaya musu wayar mai kauri ce, tana son ƙarfen liƙi mai zafi sosai.

Zafi kuwa bai san mai sensa ko maras sensa ba. Maganaɗisun ciki in ya gasu ƙarfinsa na raguwa, kuma ba ya dawowa. Masu harkar sukan tsaya kafin jikin inji ya wuce digiri 70 zuwa 80. In ba ka da ma'auni, tuƙa na 'yan mintuna ka ɗora yatsa a jikin gwangwanin. In ba ka iya barinsa na 'yan sakanni ba, tsaya ya huce, ka rage giya. A watan Afrilu, tuƙin safe ko na bayan la'asar ya fi.

Iyaye da ke saurare, kada ku ɗauki wannan a matsayin shiririta. Irin wannan inji ne cikin fankar sola ta zamani, shi ne kuma cikin tayar kekuna da baburan lantarki. In ka buɗe igiyar da ke fitowa daga irin wannan taya, za ka tarar da wayoyi uku masu kauri da biyar sirara, su ne na sensocin Hall, domin babur ma daga tsaye yake tashi da mutum a kansa. Yaron da ya gane dalilin gargadar motarsa ta wasa, gobe shi zai gane ciwon babur ɗin da ke kakkarwa ya ƙi tashi.

Saboda haka, ɗan'uwa, kafin ka tura kuɗinka, tambayi kanka inda za ka tuƙa motar nan da yadda za ka tuƙa ta. In tsere ne a fili mai kwanoni, ko rarrafe a kan duwatsu, biya kuɗin sensa, ba za ka yi da-na-sani ba. In kuwa filin unguwa ne da ƙura da buɗe wuta, ɗauki maras sensa rufaffe, ragowar kuɗin ka sa su a batir mai kyau da cajar da ke daidaita kowane ɗaki na batirin. Batirin LiPo, irin na waɗannan motoci, ba ya wuce bolt 4.2 a ɗaki ɗaya, kada kuma a bar shi ya sauka ƙasa da 3. Don Allah kada ka sa shi a caji ka tafi ka bar shi, kada ka ajiye shi a rana ko cikin mota a rufe, kuma in ka ga ya kumbura, ka daina amfani da shi daga ranar.